Sai da na jira ruwan Agusta kafin na sayi gida

Ranar da dillali ya fara buɗe min gidan nan muna cikin azumi ne, watan Maris na 2024, rana ta take, ko tsuntsu ba ka jin kukansa. Ina sa ƙafa a tsakar gidan na ji zuciyata ta kwanta da shi. Ɗaki uku da falo, kicin a gefe, banɗaki biyu, tayil fari tas har bakin ƙofa, ga fenti ruwan madara da ko ƙamshinsa bai gama fita ba. Kafin mu zagaya na gama rabon ɗakuna a raina: wannan nawa, na tsakiya na 'yan mata, na bakin ƙofa na yayansu in ya dawo hutu.

Shekara 14 ina zaman haya a Kano, sau 5 ina ɗaure kaya ina tashi. Biyu daga ciki bayan rasuwar maigidana ne, ni kaɗai da yara. Kuɗin da na riƙe a ranar kuwa ba na wasa ba ne a wurina. Akwai rabona na gonar mahaifinmu da aka sayar, akwai adashin da na yi shekara da shekaru ina zubi, akwai rancen da na ci a ƙungiyar malamai ta wurin aikinmu, wanda har yau ake cira a albashina. In kuɗin nan ya tafi, ba ni da wani a bayansa. Gini daga tushe kuma na cire shi a lissafi, domin a watan Fabrairun shekarar nan buhun siminti ya haura naira 10,000.

Dillalin ya ga fuskata, ya gane. Ya ce, “Hajiya, gidan nan ba zai yi sati a kasuwa ba. Akwai wani Alhaji da ya taya, ya tafi Umara ne kawai. In kina so, ki ajiye kafin alƙalami yau, mu rufe magana.” Na ce ya ba ni zuwa jibi, zan zo da kawuna.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, kuma magini ne tun yana saurayi. Da tubali da yaɓen ƙasa ya fara a hannun mahaifinsa cikin birni, daga baya ya koma bulo da siminti, ya fi shekara 40 a kan bango. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce min. Da na kira shi ina ta zuba masa yabon gida, bai katse ni ba, sai da na gama ya ce, “Uwata, sabon fenti ne?” Na ce sabo fil. Ya ce, “To, Allah ya kai mu jibi.”

Ya zo da 'yar jaka: tocila, ƙaramar guduma, ƙusa 'yar inci 6, fensir, igiya mai dalma a baki, da gorar ruwa cike. Dillali ya buɗe ƙofa yana jira, Kawu bai shiga ba. Ya bi layin da ƙafa har ƙarshensa, ya dawo, ya wuce ɗaya ƙarshen, yana tafiya yana kallon ƙasa. Ya fi minti 20 a waje. Sannan ya yafito ni.

Ya ce in dubi ƙofofin maƙwabta. Na duba. Kusan kowane gida an ɗaga masa dokin ƙofa da bulo layi biyu, wani uku, sai mutum ya ɗaga ƙafa sosai kafin ya tsallaka. Ya ce ba wanda yake wahalar da tsohuwarsa da matarsa mai ciki da irin wannan tsallake don ado. Ya nuna min katangar gidan da ke kallon namu, wadda ba a yi mata fenti ba. Akwai wani layi mai ruwan ƙasa a jikinta, miƙaƙƙe kamar an ja shi da igiya, daidai gwiwata. Ƙasan layin siminti ya yi fari-fari yana gari, samansa lafiya lau. Daga nan ya juyo da ni ga gidan da nake so. Daga ƙasa zuwa ƙugu filastar sabuwa ce, ta fi ta sama santsi, in ka karkata kai kana ganin inda suka haɗu a ƙarƙashin fentin. Sau biyu na zo gidan nan kafin ranar, ban ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Da muka shiga, abin da ya fara yi shi ne ya tsaya a tsakiyar tsakar gida ya tuttule rabin gorar nan a kan tayil. Muka tsaya muna kallo. Rariya tana kudu, kusa da ƙofar waje. Ruwan ya taru, ya yi ɗan jim, sai ya kama hanya a hankali ya nufi arewa, ya je ya kwanta a bakin ƙofar ɗakin da na zaɓar wa kaina. Kawu ya ce ba mai daɓen da zai karkata tsakar gida zuwa ɗaki da gangan. Ko dai aikin banza aka yi tun farko, ko kuma ɓangaren ɗakunan ne yake nutsewa.

Ya shiga ɗakin ya rufe ƙofa da taga, ya ce mu ba shi minti biyar, sannan ya kira ni ya ce in shaƙa. Ƙarƙashin ƙamshin fentin akwai wani wari, irin na tabarmar da aka naɗe da lema. A watan Maris, bayan wata biyar ba ɗigon ruwa, bayan hunturu ya busar da komai. Ya gwada ƙyauren, yana gogar ƙasa, kuma an fere samansa a karkace, sabon yanka, ko fenti ba a shafa wa wurin ba. Ya bi bango yana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma. Yawanci sautin a cike yake, amma daga kusurwar taga ya gangara a karkace zuwa ƙasa sai ya koma fanko, kamar ana buga ƙwarya. Da ya haska tocila ta gefe, sai ga sawun tsaga da aka cike aka shafe.

A nan ya zaunar da ni a kan dakali ya yi min karatun da ban manta ba. Ya ce tsaga iri-iri ce, kuma ba kowace ce abin tsoro ba. Akwai siririya kamar gashi, mai rassa kamar saƙar gizo-gizo. Wannan ta filasta ce, an yi ta da rana ba a ba ta ruwa ba, ko yashi ya yi laushi da yawa, kuma magani kaɗan take so. Akwai wadda take bin inda bulo ya haɗu da kankare a miƙe, ita ma sau da yawa ba ta wuce gyara. Wadda yake gudu ita ce mai tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, ko mai bin layin bulo kamar matakala, baki ɗaya ya fi ɗaya faɗi, kuma in ka zagaya waje ka same ta a daidai wurin. Ya ce irin wannan daga ƙasa take tasowa, don haka cike ta a bango ba ya hana ta dawowa.

Muka zagaya lungun baya, inda ba a yi filasta ba saboda ba mai leƙawa. Tsagar tana nan, ɗan yatsana ƙarami yana shiga bakinta. Kawu ya ɗauki ƙusar nan ya karta jikin bulo, ba da ƙarfi ba. Yashi ya zubo masa a tafin hannu kamar garin tuwo. Ya ce buhun siminti kilo 50 ne, kuma shi a aikinsa ba ya yarda a fitar da bulo mai inci 9 fiye da 30 da 'yan kai daga buhu ɗaya, amma ya sha ganin inda ake matsa buhu har ya ba da ninkin haka. Sannan ya ciro fensir ya ja ɗan layi a daidai inda tsagar ta ƙare, ya rubuta kwanan wata a gefe da ajami.

Dillali duk ya damu, yana ta cewa ai kowane gida yana tsagewa, gyaran buhu biyu ne. Kawu bai yi masa gardama ba. Ni ya kalla ya ce, “Uwata, ni iyakata zaure. Ke mace ce, ki yi sallama ki shiga gidan nan na kusa, ki gaishe su, ki buɗe idonki.”

Wannan shawara ita ce ta fi komai yi min amfani, kuma ita nake so 'yan'uwana mata su riƙe. Namiji in ya zo sayen gida, da maza zai yi magana a ƙofar gida ko a masallaci, kuma maza sukan yi kara, ba mai son a ce shi ya ɓata cinikin maƙwabcinsa. Mu kuwa har ƙuryar ɗaki muke shiga, kuma ɗaki ba ya ɓoye abin da ya same shi.

Na yi sallama, aka amsa. Wata dattijuwa na samu tana gyaran wake na ƙosan buɗa-baki, surukarta tana tace kamu. Na durƙusa na gaishe ta, na ce Iya, ni ce mai son zama maƙwabciyarku. Ta yi murna, ta sa aka shimfiɗa min tabarma a ɗakinta saboda rana. Ina zama na ga gadonta, kowace ƙafa a kan bulo take. Kabet ɗin surukar ƙasansa ya kumbura ya ɓare kamar littafin da ya jiƙe ya bushe. Buhun gero yana kan benci, firji yana kan wani ɗan dakali da aka gina masa shi kaɗai. Ban ma yi tambaya ba tukuna.

Na ce, “Iya, yaya unguwar take da damina?” Ta ajiye faifan, ta dube ni ta ce, “'Yar nan, kina da marayu aka ce?” Na ce uku. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce ba za ta ci amanata da azumi a bakinta ba. Ta ce lokacin da aka kawo ta unguwar tana amarya, daga gidan da nake so har gida huɗu gaba duk kududdufi ne, yara suna kamun tarwaɗa a ciki, kwaɗi ba sa barin mutum barci. Da unguwa ta cika sai aka mai da shi bola. Shekaru ana zuba shara, daga baya tifa ta yi ta kawo ɓaraguzai da jar ƙasa, aka baje, aka ja igiya, aka yanka fulotai. Ta ce, “Ruwa bai san an sayar ba. Duk Agusta sai ya dawo gidansa.”

Wanda ya tashi a Kano ya san kududdufi. Ramukan da aka haƙa ne ana ɗibar ƙasar gini, tun zamanin da duk birnin da ganuwarsa na ƙasa ne, kuma su ne suke shanye ruwan unguwa in an yi mamako. Muna yara ƙyamarsu muke saboda sauro da wari, ba mu san aikin da suke yi mana ba. Yanzu an cike da yawansu an yi gini a kai. Kawu ya ce matsalar biyu ce. Wurin shi ne mafi gangare a unguwa, don haka ruwan kowa can zai nufa. Sannan shara ba ƙasa ba ce: leda da tsumma da ruɓaɓɓen abinci suna ci gaba da lotsawa shekara da shekaru, kuma ba daidai suke lotsawa ba, wani gefe ya riga wani, sai bango ya rabu. Ya ce ana iya gini a kan ciko in an haƙa har an tarar da ƙasa ta asali, aka zuba kankare da rodi yadda injiniya ya tsara, amma wanda ya yi rowar siminti a bulon da ido ke gani, ba zai kashe wannan kuɗin a ƙarƙashin ƙasa ba.

Duk da haka, wallahi, raina bai fita daga gidan ba. Na ce wa Kawu ko za a rage kuɗin mu gyara. Ya ce, “Uwata, ba zan hana ki ba, kuɗinki ne. Abu ɗaya nake roƙo, ki bari ki gan shi da ruwa a kansa. In gidanki ne, zai jira ki.”

Jiran nan ya yi min wuya. Mai gidan da nake haya ya ƙara kuɗi bayan ƙaramar salla. Kuɗina yana ajiye, kaya suna ta tashi, kullum ina ji kamar yana narkewa. Dillali ya kira ni ya fi sau goma, sau biyu yana cewa an rage. Alhajin Umara ban ƙara jin labarinsa ba.

Cikin Agusta aka kwana ana ruwa, irin mai farawa bayan isha'i ya kai asuba. Ina idar da salla na sa hijabi da takalmin roba, na tari mai adaidaita. A bakin titi ya sauke ni, ya ce ba zai shiga ba. Na tattare zane na bi layin. Ruwa ya kai min ƙwauri, baƙi, da leda da ƙazantar masai a kai. Iya na samu a tsaye a ƙofarta da bokiti, ita da jikokinta suna kwarfa. Gidan da na so yana kulle, amma ruwa yana shiga ta ƙarƙashin ƙyaure, rariyar da ya kamata ta fitar da shi ita take shigar da shi. Sabon fentin ya kumbura ya yi ƙuraje daga ƙasa har ƙugu. Na lallaba ta lungun baya ina dafa bango. Layin fensirin Kawu yana nan da rubutunsa, tsagar ta wuce shi da kusan taƙi guda.

Na daɗe a tsaye a wurin. Abin da ya zo min shi ne hadisin nan da muka koya tun a Islamiyya, na mai sayar da abinci da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarinsa ya ji lema. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, aka ce masa me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ban san halin da ya sa mai gidan nan ya shafe bangonsa ya sa a kasuwa ba, wataƙila shi ma haka aka yi masa. Na dai kira dillalin na gaya masa abin da na gani, na roƙe shi don Allah duk wanda zai kai, ya gaya masa. Watanni bayan haka na je gaishe da Iya, na ga labule a tagar gidan, da takalman yara a bakin ƙofa. Har yanzu in aka yi ruwan dare sai na tuna da su.

Tun daga ranar na daina zuwa ganin gida sai an yi ruwa. Na ga wajen shida a cikin sati uku. Ɗaya na bar shi tun daga bakin layi, saboda manyan wayoyin wutar nan masu tafiya a kan hasumiyar ƙarfe sun bi ta kansa, kana jin zizarsu, ga shi doka ta hana gini a ƙarƙashinsu, ranar da aka tashi rusau ba mai biyan ka. Wani kuma bene ne mai kyau, amma dakin ɗinsa, wato kankaren da aka zuba tsakanin ƙasa da sama, ya yi jan tabo, kankare ya ɓantare a kusurwa rodi ya fito duk tsatsa. Kawu ya ce rodi in ya yi tsatsa kumbura yake, shi yake fasa kankaren daga ciki, kuma ba ya tsayawa.

Wanda na saya ba shi da kyan gani ko kaɗan. Tsohon gini ne, fentinsa ya koɗe, daɓen siminti ne ba tayil, tagoginsa na katako. Ana tsaka da ruwa muka shiga. Layin yana gangarawa ne daga gidan zuwa kwalbati, tsakar gida ta fi titi tudu da taki biyu, ruwa yana fita ta rariya da gudu. Ƙusar Kawu ta karci bulo, sai farin layi kawai ta bari. Igiyarsa mai dalma ta sauka daidai da bango a duk kusurwar da ya gwada. Gindin bango a bushe, ya ce da alama an yi jaman fulo na kirki, wato daɓen kankaren da ake zubawa a kan tushe, kafin a ɗora bulo.

Aibinsa a sama yake. Kawu, da shekarunsa, ya sa aka kawo tsani ya cire silin ɗaya ya shige da tocila, ni ina ƙasa ina riƙe da tsanin ina addu'a. Da ya sauko, kansa duk yana, ya lissafa min. Kwano ya huje a wuri bakwai, yawanci a bakin ƙusa, yana ganin haske ta ciki. Katako huɗu na ɓangaren kicin gara ta ci, ta yi hanyarta ta ƙasa a jikinsu, ƙusa tana nutsewa a ciki kamar a burodi. Sauran an shafe su da baƙin mai tun asali, suna nan garau. An ɗaure rufin da langa-langa a jikin bango, don haka iskar farkon damina ba za ta yaye shi ba. Washegari na kawo mai wayarin, ya buɗe soket uku, ya ce wayoyin sun tsufa, robarsu tana karyewa, an yi ta jone-jone da salatif a cikin silin, a sake su gaba ɗaya kafin yara su kwana a ciki.

Sai rijiya. Ruwanta garau, ba wari, masu gidan suna alfahari da ita, sun ce ba su san 'yan garuwa ba. Kawu ya auna da ƙafa daga bakinta zuwa masai, taki tara. Ni kuma na shiga gidan baya na gaisa, na ga nasu masan yana jingine da katangarmu, bai fi taki biyar daga rijiyar ba. Ma'aikatan lafiya tazarar mita 30 suke so tsakanin rijiya da ramin masai, alhali fuloti mai ƙafa 50 da 100 tsawonsa gaba ɗaya kusan mita 30 ɗin ke nan. A cikin gari da wuya ka sami gidan da ya cika wannan. Na ƙudura tun ranar cewa ruwan na wanki ne da shara, ba na sha ba.

Duk waɗannan muka rubuta a takarda, Kawu ya je kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa ya jiyo kuɗin kwano da katako da waya, muka haɗa da ladan aiki. Da aka zauna ciniki ban kushe gidan ba, takardar na miƙa. Suka duba, suka ga ba ƙari a ciki, suka sauko da kusan adadin, aka sallama.

Maganar takardu ta ɗauke mu wata biyu, kuma ban yi nadamar ko kwana ɗaya ba. Gidan na gado ne, magada tara. Babban wansu ne yake gaba, mutumin kirki, amma na ce ina son ganin takardar rabon gado ta kotu, kuma kowa ya sa hannu da kansa. Na taɓa ganin wata abokiyar aikina da ta sayi gida a hannun ɗa ɗaya, bayan shekara uku ƙanwarsa ta dawo daga aure ta ce ba ta sani ba, aka yi ta shari'a. A nan ma akwai ɗaya da take aure a Maraɗi, sai da muka jira ta zo. Gidan yana da satifiket na gwamnati, ba awon igiya ba ne, wato filin da ba gwamnati ce ta yanka ba, amma takarda a hannu ba ta isa ba. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar birni tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum yake riƙewa izinin zama ne na wasu shekaru, galibi 99, kuma sai da amincewar gwamna yake komawa sunan wani. Na ɗauki lauya ya je ya binciko fayil ɗin a hukumar filaye, ya tabbatar sunan marigayin ne a kai, lambar fulotin ta yi daidai, ba a jinginar da shi a banki ba. Muka je wurin mai unguwa ya shaida iyakoki a gaban maƙwabta. Na kuma ɗauki lambar mita na je na tambayo, aka sami tsohon bashin wuta, magada suka biya daga kuɗinsu kafin in cika nawa. Ta banki na biya, a gaban shaidu.

Mun tare a watan Disamba, bayan an sauya kwano goma sha ɗaya da katakon kicin da waya. Fenti ban yi ba sai bana, kuɗi bai kai ba, kuma Kawu ya ce gara ma in bar bangon tsirara ya ga damina ɗaya a hannuna. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi na tashi cikin dare da tocila na bi ɗaki-ɗaki ina haska silin, yara suna barci. Wuri ɗaya na samu yana ɗiga, a kusurwar falo, inda sabon kwano ya hau kan tsoho. Na tara roba, na ja layi da fensir a wurin. Da safe na kira Kawu, ya ce, “Uwata, ƙusa biyu ne da ɗan kwalta. Ki dafa min shayi, ina zuwa bayan azahar.”